Batir Ko Salansa: Gardamar Motar Lantarki Da Motar Gudu Mai Fasalin Da

Duk inda masu son mota suka zauna, a majalisa ko a bakin gareji ana jiran bakanike, ba a daɗewa gardamar nan ba ta taso ba. Wani ya ce motar da ba ta ruri ai firij ce kawai aka sa wa taya. Wani ya ce kawo V8 ɗin naka mai silinda takwas mu jera a danja, kafin ka saki kulochi na ɓace maka. Kowannensu da gaskiyarsa, shi ya sa maganar ba ta mutuwa. Kowa yana auna abin da bai dami ɗan'uwansa ba.

Motocin da ake nufi da masu fasalin da sababbi ne, jikinsu kawai aka zana don ya tuno da wata tsohuwar mota da ta yi suna. A Amurka Ford ya fito da Mustang ta 2005, wadda aka mayar mata da fuskar ta shekarun 1960. Dodge ya biyo da Challenger a 2008, kamarta ɗaya da ta 1970, sai Chevrolet ya dawo da Camaro a 2010 yana kwaikwayon ta 1969. A Japan akwai Nissan Z ta 2022 da ta ɗauko gaban 240Z ta 1969, da Mazda MX-5 wadda tun fitowarta a 1989 take bin sawun ƙananan motocin Ingila marasa rufi irin Lotus Elan. Faransa ta farfaɗo da Alpine A110 a 2017. Challenger da Camaro dai an daina ƙera su a Disambar 2023, don haka duk wadda ka gani nan gaba ta hannu ce.

A fara kawar da batun gudu, don shi ne mafi saukin yankewa. Injin fetur ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai ya kai wani juyi. V8 mai lita 5 na Mustang GT sai ya haura juyi 4,500 a minti yake kai ƙololuwar murɗarsa, wato ƙarfin da yake juya taya da shi, shi ya sa yake buƙatar giya shida ko goma don a riƙe shi a inda yake da ƙarfi. Injin lantarki kuwa daga tsaye yake ba da murɗarsa gaba ɗaya, giyarsa ɗaya tak. Tesla Model 3 Performance, motar iyali mai ƙofa huɗu, tana kai kilomita 100 a awa cikin sakan uku da 'yan kai. Mustang GT tana cin sama da sakan huɗu. Wanda yake kare motar fetur da hujjar tashi daga danja ya riga ya faɗi tun ba a fara ba.

Ba nan gizo ke saƙa ba. Nauyi ne ainihin abin da ya raba su, kuma lissafinsa a fili yake. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 9, wanda ake rubutawa kWh. Tanki mai lita 70 ke nan ya tara sama da kWh 600, nauyin man kuma bai wuce kilo 55 ba. Injin yana ɓarnatar da kusan kashi 70 cikin ɗari a matsayin zafi ta lagireto da salansa, to amma abin da ya rage ya kai kWh 170 zuwa 180 a taya. Batir mai kWh 100 kuwa, wanda yake cikin manya a kasuwa, nauyinsa ya haura rabin tan. Injin lantarki ba ya ɓarna, kusan kashi 90 na abin da aka ba shi yana kaiwa taya, amma nauyin batirin yana nan daram ko a cike yake ko a fanko. Tanki yana sauƙi yayin da ake tafiya, batir ba ya ragewa ko da giram ɗaya.

Duba yadda hakan yake fitowa a kan sikeli. MX-5 da Alpine A110 kowacce tana kusa da kilo 1,100. Nissan Z kusan 1,600, Mustang GT kusan 1,750, Challenger Hellcat ta kai tan biyu. Hyundai Ioniq 5 N, wadda take cikin motocin lantarkin da aka fi yabawa wajen daɗin tuƙi, kilo 2,200 ce. Dodge Charger Daytona ta lantarki da ta fito a 2024, mai jiki irin na Charger ta ƙarshen shekarun 1960, ta zarce kilo 2,600. A miƙaƙƙen titi ƙarfin doki yana ɓoye wannan nauyi. A kwana ba ya ɓoyuwa. Injiniyoyi suna shimfiɗa batirin a ƙasan motar, hakan yana hana ta karkata kuma yana sa ta manne da kwalta, amma lokacin da ka taka birki daga 140 don shiga lanƙwasa, tayoyi huɗu ne masu faɗin tafin hannu za su tsayar da tan biyu da rabi. Ƙaramar mota tana juyawa da zarar ka motsa sitiyari, kana jin ƙasa a tafin hannunka da ƙugunka. Wannan jin shi masu MX-5 suke saye, kuma har yanzu batir bai yi sauƙin da zai ba da shi ba.

Sai dai a nan masu kare fetur suna cin ribar da ba tasu ba. Hujjar sauƙi ta MX-5 ce da A110. Mai Challenger ba shi da rabo a ciki, don motarsa babbar mota ce mai faɗi da aka gina a kan ƙashin motar iyali, ba ta fi yawancin motocin lantarki sauƙi ba. Abin da take sayarwa shi ne ruri, da girgizar da ake ji a kujera lokacin da injin yake tsaye yana aiki, da kallon da ake bin ta da shi. Ba laifi ba ne mutum ya sayi wannan. A dai kira shi da sunansa.

Kamfanoni sun gane cewa rurin nan kuɗi ne, shi ya sa suka fara ƙirƙirarsa. Charger Daytona tana da wani akwati a baya mai lasifika da suke kira Fratzonic, yana fitar da ƙara irin ta V8. Ioniq 5 N ta wuce nan: kwamfutarta tana kwaikwayon giya takwas, tana ɗan yanke ƙarfi ta fizge ka a duk canji, har ma ta ƙi ƙara gudu in ba ka sauya giyar da babu ita ba. A ganina na Hyundai yana da amfani na gaske, domin direba yana gane gudunsa ta kunne da jiki, ya san inda zai fara birki ba sai ya duba allo ba. Na lasifika zalla kuwa kwalliya ce. Dodge ɗin ma bai tsaya a kan lantarki kaɗai ba, ya fito da Charger mai injin fetur silinda shida da turbo biyu a jiki iri ɗaya. Inda fasalin da ya fi dacewa da batir shi ne ƙananan motocin gari irin Renault 5 ta 2024 da Fiat 500e, waɗanda ba su yi wa kowa alƙawarin tsere ba.

Akwai wani kuskure da ya yi yawa a ƙasar nan, kuma yana cin kuɗin mutane. Ana ganin mota mai kamar ta da, sai a ɗauka gyaranta ma irin na da ne, kamar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda bakanike zai kwance kafiretonta a gindin bishiya ya busa ya mayar. Cikin Challenger ko Mustang babu abin da ya yi kama da haka. Injin Hemi na Dodge fulogi 16 gare shi, biyu a kowace silinda. Mai lita 5.7 yana son baƙin mai 5W-20, mai lita 6.4 kuma 0W-40. In aka ɗura masa 20W-50 saboda an saba cewa ƙasarmu da zafi, tsarin da yake kashe silinda huɗu don rage shan mai da wanda yake sauya lokacin buɗe bawul duk za su rikice, domin da matsin mai suke aiki ta ƙananan ramuka da mai kauri ba ya ratsawa da sauri. Sanannen ciwon Hemi shi ne wani ƙas-ƙas da yake fitowa daga saman injin. Wani lokaci kusoshin bakin salansa ne suka karye, wannan da sauƙi. Wani lokaci kuwa ƙaramar tayar da take birgima a kan kamshaf ce ta maƙale tana cinye shi, kuma barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci, abin da muke yi kullum a cunkoso da esi a kunne, yana cikin abubuwan da ake dangantawa da hakan. Gyaran sai an buɗe kan inji. Mustang GT daga 2018 tana shan baƙin mai kusan lita tara da rabi a kowane juye, kuma tana fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, don haka man da aka gauraya ko mai datti yana kashe mata famfo da nozul.

Sai ingancin fetur. Lambar da Amurkawa suke rubutawa a famfo daban take da wadda ake amfani da ita a nan da Turai: 87 ɗinsu ya yi daidai da kusan 91 a ma'aunin RON, 91 ɗinsu kuma kusan 95. Man da ake sayarwa a gidajen manmu yana wajen 91 RON, wato daidai da 87 ɗin Amurka. Mustang GT za ta sha shi, ƙwaƙwalwar motar ta ja lokacin tartsatsi baya, ka rasa wani abu na ƙarfin da ka biya kuɗinsa. Hellcat mai ƙarfin doki 707 kuwa an rubuta mata 91 na Amurka ne a matsayin mafi ƙaranci. A ba ta wanda bai kai ba, a taka ta da tsakar rana a watan Afrilu, man zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, kuma fistan ne yake biyan bashin. Shan mai kuwa ba a magana: Mustang GT lita 15 zuwa 16 a kilomita 100 cikin gari, Hellcat wajen 18. MX-5 tana tsayawa a 7 zuwa 8, ga ta da sauƙin hali, sai dai kujera biyu ce da but ɗin da bai fi jaka biyu ba.

Dukansu cikinsu a ƙasa yake, santimita 12 zuwa 14. Duk wanda ya san tudun rage gudu da ake ginawa a unguwanninmu ba bisa wani ma'auni ba, ya san ƙarar da za a ji.

To ita motar lantarki fa? Jerin abubuwan da ba ta da su shi ne babban abin tallarta: babu baƙin mai, babu fulogi, babu fanbel, babu kulochi, babu salansa, babu matatar iskar inji da ƙurar hunturu take toshewa. Birkinta yana daɗewa domin da ka ɗaga ƙafa daga totur injin yake komawa janareta, ya rage gudun ya mayar da wutar cikin batir. Abin da ya rage na hidima shi ne man birki duk shekara biyu, ruwan sanyaya batir, matatar iskar cikin mota, da taya, wadda take ƙarewa da wuri saboda nauyi da fizga. Wani abin da yake ba sababbin masu ita mamaki shi ne ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi yake tayar da kwamfuta ya rufe makunnin babban batir. In ya mutu, motar ba za ta motsa ba ko da babban yana cike taf. A zafinmu batir irin wannan ba ya wuce shekara biyu zuwa uku.

Zafin shi ne babban abokin gabar babban batirin ma. Sinadaran lithium sun fi son yanayi tsakanin digiri 20 zuwa 30. Abu biyu ne suke tsufar da su da sauri in suka haɗu: zafi da zama a cike. Motar da aka yi wa caji ɗari bisa ɗari aka ajiye ta a rana a Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40 a bazara, tana asarar lafiyar batir ko ba a tuƙa ta ba. An ga wannan tun a 2012 a jihar Arizona ta Amurka, inda masu Nissan Leaf suka yi ta ƙorafi batirinsu yana raguwa da wuri. Dalili shi ne batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya, iska kawai yake jira ta huce shi. Kuma Leaf ta hannu tana da araha, to a kula, araha ba ta ado. A allonta akwai sanduna 12 da suke nuna lafiyar batir, daban da masu nuna caji. Ta farko tana ɓacewa in batir ya sauka zuwa kashi 85, sauran kuma kowacce wajen kashi shida. Leaf ta farko mai kWh 24 da ta rage sanduna takwas, da ƙyar ta yi maka kilomita 80 da esi.

Don haka tambaya ta farko ga mai saye ita ce: batirin da ruwa ake sanyaya shi? Ta biyu: wane iri ne? Akwai NMC, mai nikel da manganis da kobalt, wanda ya fi tara wuta a ƙaramin nauyi amma ya fi son a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80 a hidimar yau da kullum. Akwai LFP, mai ƙarfe da fosfet, irin wanda BYD yake sawa, ya fi nauyi amma ya fi jure zafi da yawan caji, ba ya saurin kama wuta, kuma ana so ma a riƙa cika shi lokaci-lokaci don kwamfuta ta daidaita lissafinta. Ga ƙasa mai zafi LFP ya fi kwanciyar hankali. Garantin da yawancin kamfanoni suke bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, a kan batir ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba, amma motar da ta biyo ta gwanjo ta tsallako teku ba ta zuwa da wannan alƙawari.

Gwanjon ma akwai abin tsoro a cikinsa. Yawancin motocin Amurka masu araha da suke isowa nan na haɗari ne ko na ambaliya. Mustang da ta sha ruwa za ta dame ka da matsalar waya. Motar lantarki da ta sha ruwan gishiri kuwa tana iya kamawa da wuta bayan kwanaki ko makonni, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar Ian a 2022, domin gishirin yana zama gada tsakanin ƙwayoyin batir. Kafin a biya kuɗi a binciki tarihin motar da lambar shasi, a ɗaga ta a duba ƙasan akwatin batir ko ya lotsa ko an yi masa walda, a sa na'urar karanta kwamfuta a ga lafiyar batir da tazarar bolt tsakanin ƙwayoyinsa. Ƙwaya ɗaya mai rauni tana jan dukan batirin ƙasa.

Nisan tafiya da ake rubutawa a talla shi ma sai an tace. Ma'auni uku ne: na Amurka, EPA, ya fi kusa da gaskiya, na Turai, WLTP, yana ɗan ƙari, na Sin, CLTC, ya fi kowa zuzutawa domin gwajinsa na tafiyar gari ce a hankali. In dila ya ce maka motar Sin tana yin kilomita 500, cire kashi ɗaya cikin huɗu kafin ka fara lissafi. Sannan turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: daga 100 zuwa 130 ta ƙaru da kusan kashi 70. Motar da take cin kWh 16 a kilomita 100 a tafiyar hankali za ta ci 23 ko fiye a 130. Batir mai kWh 60 ke nan ya sauko daga kilomita 370 zuwa wajen 250. Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, za ta kai amma da ɗar-ɗar. Kano zuwa Abuja, sama da 400, sai an tsaya caji, kuma a ina? A cikin gari abin juyawa yake yi. Awa guda a cunkoso esi yana cin kWh ɗaya zuwa biyu, alhali V8 yana ƙona sama da lita guda yana tsaye.

Caji ne yake yanke hukuncin gaba ɗaya, kuma a nan ya kamata a zauna da biro. Soket ɗin gida yana ba da kusan kilowat 2.3 a amfiya 10, wato batir mai kWh 60 zai ci sama da awa 26 daga fanko. Amma ba wanda yake ƙarar da batir kullum. Mai yin kilomita 40 a rana yana buƙatar kWh 7 zuwa 8 ne, awa uku da rabi a soket. Haɗarin shi ne soket ɗinmu mai baki uku ba a yi shi don ya ja wuta mai nauyi awa da awanni ba, balle na jabu da ya cika kasuwa. Yana ɗumi, robar ta yi laushi, bakin ya saki, tartsatsi ya biyo. Kada a yi amfani da wayar ƙari ta nannaɗe. A ja layi na musamman daga akwatin rabon wuta. Cajar bango mai kilowat 7.4 tana jan amfiya 32, tana son wayar tagulla mai kaurin milimita 6 murabba'i, da makatsin wuta nata na kanta, da na'urar da take yankewa in wuta ta zurara. Dole kuma gidan ya kasance da sandar at da aka binne da kyau, wato ƙarfen da yake kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, domin yawancin caja suna gwada at kafin su saki wuta, in ba su same shi ba jar fitila kawai za su nuna maka. Wutar da take sauka zuwa bolt 170 da yamma ma tana sa caja ta yanke.

Bakin caja kuma ba ɗaya ba ne. Motar Turai CCS2 take amfani da shi, ta Amurka CCS1 ko irin na Tesla, ta Sin GB/T, Leaf kuma CHAdeMO a caji mai sauri. Na caji a gida ana samun mahaɗi da araha. Na caji mai sauri yana da tsada kuma ba kullum yake aiki ba. Cajar hannu da take zuwa da motar Amurka a karanta jikinta tukuna: in an rubuta bolt 120 kawai, soket ɗinmu mai 230 zai ƙone ta nan take.

Ga lissafin kuɗi. Da asarar caji, a ce kWh 20 a kilomita 100. Masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta awa 20 a rana, an kai kuɗinsu naira 225 a kWh a Afrilun 2024, daga baya ya dawo wajen 209. Kilomita 100 ke nan naira 4,200. A ɗauki litar fetur a naira 900 don misali, tunda farashin bai zauna wuri ɗaya ba tun cire tallafi a Mayun 2023. Mustang mai shan lita 15 ta ci 13,500, MX-5 ta ci wajen 7,000. Ribar lantarki a bayyane take. Yanzu a ce wutar babu, an koma janareta. Ƙaramin janaretan fetur yana ƙona kusan rabin lita kafin ya ba da kWh ɗaya, don haka kWh 20 lita 10 ne. Motar lantarkin ta koma shan mai fiye da Corolla, ga ƙara, ga hayaƙi a tsakar gida. An gudu ba a tsira ba. Ɗan ƙaramin nan mai cin fetur da baƙin mai a gauraye ma ba zai iya ba sam, ƙarfinsa bai kai kilowat ɗaya ba.

Sola ce take gyara lissafin, kuma a nan Arewa da kudancin Nijar suna da abin da Turai ba ta da shi. Faranti mai wat 550 yana ba da kWh biyu da 'yan kai a rana a yankinmu, in ana share masa ƙura. Huɗu sun ishi mai kilomita 40. Matsalar ita ce lokaci: rana tana fitowa ne sa'ad da motar take wurin aiki. Ko dai a yi caji a inda take wuni, ko a tara wutar a batirin gida a juye mata da dare, wanda yake nufin ƙarin batir mai kWh 10 da infata mai kilowat 5 da za ta ɗauki caja tare da firij da famfon ruwa. Tashar caji ta sola da hukumar NADDC mai bunƙasa ƙera motoci a Najeriya ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021 wannan tunani ne, kuma ƙananan bas na lantarki da ake haɗawa a Maiduguri sun nuna inda abin ya fi biyan kuɗin sabulu: mota mai zirga-zirga a gajeren layi, tana kwana wuri ɗaya kullum.

Batun muhalli a taƙaice: ƙera batir yana fitar da hayaƙi mai yawa tun kafin motar ta taka titi, sai ta yi tafiya take biyan wannan bashi, kuma saurin biyan ya danganta da inda wutar ta fito. Tamu yawanci daga gas ce, saura daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Da ita ko da sola lantarki ta fi. Da janareta babu wata fariya.

Gyara kuwa kowacce da inda take ciwo. Kayan Mustang da Challenger ba a tsintar su a Ƙofar Ruwa ko Panteka kamar na Toyota, sai an yi oda an jira, amma ƙwararren bakanike mai na'urar karanta kwamfuta zai iya aikin. Motar lantarki ba ta yawan lalacewa, ranar da ta lalace kuwa mai rewaya na gefen titi bai kamata ya taɓa ta ba. Duk wayar da ka gani ruwan lemo tana ɗauke da bolt 400, a wasu motocin irin Porsche Taycan da Ioniq 5 har 800. Ƙa'idar ita ce a kashe motar, a cire ƙaramin batir, a zare makatsin babban batir da safar hannu mai jure bolt 1,000, a jira mintuna kamar goma wutar da ta taru a infata ta sauka, sannan a gwada da mita kafin a sa hannu. Mai walda da zai gyara ƙasan mota shi ma sai ya san abin da yake bayan ƙarfen.

In za a tambaye ni, mai gidan kansa da sola ko layin wuta mai kyau, wanda tafiyarsa ta gari ce, motar lantarki mai LFP da ruwan sanyaya ta fi masa ta kowace fuska ta lissafi. Mai haya a bene, ko mai bin dogon titi duk mako, bai kai lokacin ba tukuna. Motar gudu mai fasalin da kuwa mota ta biyu ce, ta yammacin Asabar, kuma in daɗin tuƙi ake nema da gaske, ƙaramar mai giyar hannu ta fi babbar mai ruri.

Akwai masu son haɗa biyun, su ɗauki tsohuwar mota ta gaske su sa mata batir. Jaguar ya yi haka da E-type, wadda Yarima Harry na Ingila ya tuƙa ranar aurensa a 2018, kuma ba abin da zai hana a yi wa 504. Ana cire inji da tanki da salansa da lagireto, a bar giyabos, a haɗa injin lantarki da shi ta farantin ƙarfe da aka yanka daidai. In tsakiyar sandunan biyu ta kauce ko da kaɗan, girgiza za ta cinye boris cikin 'yan watanni. Batir mai kWh 30 yana kai kilo 200 ko fiye, zai ba da wajen kilomita 150, kuma ba a jibge shi duka a but, don gaba zai yi sauƙi sitiyari ya riƙa yawo. Ana raba shi ne, wani a gurbin inji wani a gurbin tanki, sannan a ƙarfafa sifirin da shokazoba. Dole a rage murɗar injin ta kwamfuta, in ba haka ba tsohon giyabos da aksul ba za su jure fizgar farko ba. Abin da masu wannan aiki suka fi mantawa shi ne birki. Tukunyar da take sauƙaƙa taka birki a tsohuwar mota da zuƙar injin fetur take aiki. An cire injin, zuƙar ta tafi. Sai an sa mata ƙaramin famfon zuƙa na lantarki da 'yar tankin ajiya, in ba haka ba taku na farko ko na biyu zai kama, na uku kuwa feda ta zama dutse a ƙarƙashin ƙafa.